Yadda ake duba tsohon agogon aljihu mai adon inamel kafin a biya kuɗinsa

A jikin tsohon agogon aljihu kusan komai yana gyaruwa. Sifirin ya tsinke a sa sabo, gilashi ya fashe a yanko wani, ko haƙorin inji ne ya karye gwani zai ƙera madadinsa. Abin da ba ya komawa yadda yake shi ne adon inamel da ke bayan murfi da kan fuska. Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi daga nan yake farawa, sauraron bugun inji kuwa sai daga baya.

Inamel gilashi ne da aka daka ya zama gari, aka shimfiɗa a kan zinariya ko azurfa ko jan ƙarfe, aka sa a tanderu mai zafin kusan digiri 800 har ya narke ya kama jikin ƙarfen. Wanda ya san langa da kwanukan jere na ɗakin amarya ya san halinsa: a yi shekara da shekaru launi bai dushe ba, amma ranar da kwano ya faɗi sai ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya leƙo.

Da farko, kayan aiki da wurin zama

Ka tanadi madubin masu zinariya mai ƙara girma sau 10, da ƙaramar tocila, da tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita, da tawul mai laushi. Kada ka karɓi agogo a tsaye. Ka zauna, ka ninka tawul a kan tebur kusa da taga, ka cire zobe, ka goge gumin hannunka. In mai shi zai miƙo maka, roƙe shi ya ajiye a kan tawul ka ɗauka da kanka, don a wurin miƙawa da karɓa ake yawan yin ɓarna. Kuma kada ka rataye shi a yatsa ta zoben da ke samansa, sau da yawa zoben ya cinye saboda daɗewa.

Sai ka gane irin aikin da ke gabanka

Aikin inamel iri-iri ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba. Sunayen da za ka gani a takardun gidajen gwanjo na Faransanci ne, ya kamata ka san su.

In ka ga launuka a cikin 'yan ramuka, ƙarfen da ke tsakaninsu kuma mai kauri ne, wani wuri faɗi wani wuri siriri, to sassaƙe jikin murfin aka yi aka cika ramukan da garin gilashi. Shi ne champlevé. In kuwa abin da ya raba launukan siririyar waya ce mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, lanƙwasa ta aka yi da hantsaki aka kafa a kan murfin, ana kiransa cloisonné. Na uku shi ne wanda idan ka karkata shi a haske sai ka ga kamar igiyar ruwa tana gudu a ƙarƙashin shuɗi ko ja ko kore. An fara zana layuka a jikin ƙarfen da injin hannu, sannan aka rufe da inamel da ake gani ta cikinsa. Sunansa guilloché, kuma a rabin ƙarshe na ƙarni na 18 ya yaɗu a kan agogo. Wani lokaci za ka tarar da 'yan taurari ko ganyaye na zinariya a nutse cikin gilashin, ɗaya bayan ɗaya aka jera su kafin a sake gasawa.

Mafi tsada shi ne zanen hoto. Ana danganta bunƙasarsa ga Jean Toutin, maƙerin zinariya na garin Châteaudun a Faransa, wajajen 1630, kuma garin Blois ya yi suna da shi a wancan zamani. Daga baya aikin ya koma Jeniba ta ƙasar Suwizalan, inda dokokin zamanin Calvin, jagoran addinin Kirista na garin, suka takura wa kayan ƙawa, maƙeran zinariya suka karkata ga agogo, har suka kafa ƙungiyarsu a 1601. 'Yan gudun hijirar addini daga Faransa sun ƙara musu gwanaye. Cikinsu akwai gidan Huaud, waɗanda biyu daga 'ya'yansu suka je Barlin a 1686 suka yi wa sarkin Brandenburg ta ƙasar Jamus aiki.

Sanin yadda ake zanen yana buɗe wa mai dubawa ido. Mai zane yakan fara shimfiɗa farin inamel ya gasa. Yana kuma shafa wani a bayan ƙarfen, don gilashi da ƙarfe ba sa buɗewa da tsukewa daidai a wuta, in gefe ɗaya kaɗai aka shafa murfin zai lanƙwashe ko gilashin ya tsage. Launukan daga ma'adinai suke: kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe kore, ruwan hoda kuma daga zinariya. Ana kwaɓa su da ɗan mai, a zana da burushi mai 'yan gashi ƙalilan. Launin da ya fi jure wuta shi ake fara sawa, mai rauni a ƙarshe, kuma kowane zubi sai ya shiga tanderu, har a kai sau goma ko fiye. Launin da aka shafa ba shi ne zai fito daga wuta ba, sai mai zane ya riga ya san abin da zai koma. Aikin wata guda yana iya lalacewa a gashin ƙarshe. Daga wajajen 1760 mutanen Jeniba suka riƙa rufe zanen da wani gilashi garau, su goge shi ya yi sumul. Wannan abu ne da za ka iya gani: tsohon zane na ƙarni na 17 yana zaune a saman farin, ba abin da ya rufe shi, shi ya sa yakan goge a inda aljihu ya fi shafa, na Jeniba na baya kuwa kamar a ƙarƙashin ruwa yake.

Ɗora madubi a kan fuskar mutum ko furen da aka zana. Aikin hannu za ka ga 'yan ɗigo da gajerun layuka ba tsari ɗaya ba, sun yi yawa a inuwa, sun ragu a haske. In ɗigon sun jeru reras kamar na hoton jarida, bugawa aka yi. Sannan ka dubi hannuwa da idanu, don nan gwani yake bambanta da ɗan koyo. Akwai agogon da aka yi wa ado da lu'ulu'un teku har ya cika ido, amma yatsun mutumin da ke cikin zanen a cure suke. A ganina fure ɗaya da aka zana da kyau ya fi irin wannan.

Yanzu neman tsaga da faci

Nan za ka fi daɗewa. Kashe fitilar ɗaki in da hali, ka kwantar da tocila a gefen murfin yadda haske zai bi ta kansa a kwance, ka juya agogon a hankali. Tsaga mai sirantar gashi da ba ta fitowa in an kalle ta gaba da gaba, a haka take bayyana. Ka fi mai da hankali ga bakin murfi, da kusa da mahaɗinsa, da wurin da ake sa farce a buɗe, da gindin wuyan da zobe yake. Leƙa cikin murfin ma. In akwai lotsawa a ciki, tabbas gilashin da ke waje ya ji jiki, ko da ba ka gan shi ba tukuna.

Faci kuwa yawanci da danƙon roba mai launi ake yin sa, ba tare da wuta ba. Sake gasa tsohon murfi kasada ce da gwanaye kaɗan suke yarda su yi. Ana gane facin ta hanyoyi da dama. Ƙyallinsa bai kai na gilashi ba, ya fi kama da na fenti. In ya daɗe yakan yi ɗorawa-ɗorawa, musamman a kan fari da shuɗi mai haske. In ka shafa da bayan farce za ka ji gilashi da santsi da sanyi, facin kuwa yana ɗan riƙe farcen. A cikin duhu, haska tocilar duba kuɗi: facin yakan yi wani haske daban da na kewayensa, ka ga iyakarsa ɓaro-ɓaro. Ba kowane danƙo ne yake nunawa a wannan haske ba, don haka kada ka dogara da shi kaɗai. Wasu masu gyara sukan fesa wa murfin duka wani ruwa mai ƙyalli don faci ya ɓace. Alamarsa ita ce ƙyallin ya hau har kan zinariyar gefe, ya taru a cikin ramukan sassaƙa.

Akwai masu gwadawa da tsinin allura. Kada ka yi wa kayan mutane haka.

Faci ba ya hana saye. Agogon da ya haura shekara ɗari biyu da wuya a same shi ba tabo. Abin nema shi ne ka san ina facin yake da girmansa. Na bakin murfi da sauƙi. Wanda ya ratsa fuskar mutumin da ke cikin zane ya karya darajar agogon ƙwarai.

In akwai lu'ulu'u a gefe, bi su ɗaya-ɗaya. Rabi-rabi ake yanka su a dasa. Waɗanda aka musanya sukan fi sauran fari, wasu kuma da gam aka liƙa su.

Fuskar agogo

Farar fuskar ita ma inamel ce a kan faifan jan ƙarfe mai 'yan ƙafafu a baya. Tsaga takan fara daga saitin ƙafafun nan, ko daga ramin tsakiya. A agogon Faransa da Suwizalan da ake yi wa wani (wato naɗe sifirin da makulli) ta gaba, dubi bakin ramin makulli: kusan kullum za ka ga ya ɗan ɓantare, don shekara da shekaru makulli yana gogarsa. Wannan tabo na gaskiya ne. In agogon ya tsufa ko'ina amma ramin nan fes yake, sai ka tambaya ko an canza fuskar ko an yi mata faci.

Gargaɗi ɗaya: in lambobi da hannuwa suna ɗauke da wani busasshen fenti mai launin ƙasa, irin wanda a da yake haske da dare, mai yiwuwa akwai sinadarin radiyam a ciki, wanda aka fara sawa a agogo daga shekarun 1910. Hasken ya mutu amma gubar tana nan. Kada ka buɗe gilashin, kada ka hura, kada ka kankare.

Buɗe murfi ka karanta hatimi

Ka bar mai agogon ya buɗe da kansa in zai yiwu. In kai za ka buɗe, farce kawai, ban da wuƙa. Mai murfin gaba ana danna kan wuyansa ne murfin ya tashi. Ka tare shi da yatsa kada ya fizge, kuma wajen rufewa ka sake dannawa, ka kwantar da murfin, sannan ka saki. Rufewa da ƙarfi har ya yi ƙara tana cinye bakin zinariya, tana kuma girgiza gilashin. Tsoffin agogon Ingila masu gida biyu kuwa, ana fitar da na ciki daga na waje, a buɗe gilashi, a tura wani ɗan maɓalli a saitin ƙarfe 6, injin ya ɗago ta mahaɗin da ke saitin 12.

A cikin murfi akwai 'yan hatimai. Na Ingila sun fi daɗin karantawa: zaki mai tafiya a jikin azurfa na nufin mai kashi 925 cikin 1000 ce, kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham, sannan harafi guda da ke nuna shekara, wanda ake dubawa a jadawalin garin da ya buga shi. A 1798 Ingila ta halatta zinariya mai karat 18, kafin nan 22 ce. Faransa tana buga kan gaggafa a kan karat 18 tun 1838. Suwizalan ta yi dokarta a 1880: kan mace mai suna Helvetia karat 18, kurege karat 14, dabbar beya azurfa mai 875, wani tsuntsun daji kuma azurfa mai 800. Agogon Jeniba da suka girmi wannan doka da yawa ba su da hatimin hukuma, rashinsa bai sa su zama jabu ba. In ka ga an rubuta cuivre ko metal a murfin ciki, wannan murfin ba zinariya ba ne, ruwanta aka sha masa.

Gwada lambobin da ke jikin murafen, ya kamata su dace da juna. 'Yan rubuce-rubucen da aka karce da tsini kuwa na masu gyara ne na da, ba aibi ba ne.

Kada ka yarda a goga murfin a dutse a ɗiga ruwan gwajin zinariya kamar yadda ake yi wa sarƙa da awarwaro. Ruwan yana cin lu'ulu'u, gogar kuma tabo ce ta har abada. Akwai na'urar da ke gwada ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba, a nemi mai ita.

Inji da gida, shin tare aka haife su?

Shekarun inji su dace da na ado. Kafin 1675, lokacin da Huygens, masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, ya fito da siririn sifirin da ke daidaita bugu, yawancin agogo hannu ɗaya gare su, na awa. Injin da ke da wata 'yar sarƙa siririya da ta naɗe a jikin dunƙule mai tsini tsohon tsari ne, Ingila ta daɗe a kansa har cikin ƙarni na 19. Yin wani ta kan wuya ba tare da makulli ba sai a shekarun 1840 ya kankama, da aikin wani mai ƙera agogo Bafaranshe, Adrien Philippe. Don haka in an ce maka agogo na 1790 ne alhali ta wuya ake masa wani, ko dai labarin ƙarya ne ko an sauya inji. Dubi ramukan makulli na murfin ciki, su kasance daidai saitin sandunan da makulli yake kamawa. Ramin da ba komai a ƙarƙashinsa, ko gurbin sukurori biyu a inda ɗaya ya kamata, alama ce an ɗauko inji daga wani gida.

Suna a jikin inji ba hujja ba ne. Tun Breguet, shahararren mai ƙera agogo na Faris, yana da rai ake buga sunansa a kan agogon da bai taɓa gani ba, har a 1795 ya fara sa wani ɓoyayyen sa hannu a kan fuska. Akwai kuma agogon da aka yi a Biyana ta Ostiriya a ƙarshen ƙarni na 19 da salon mutanen da, zane ciki da waje. Suna da kyau, ana sayensu, amma kada a sayar maka da su da sunan na zamanin Toutin.

Kada ka yi wa agogo wani sai mai shi ya ce an yi masa sabis kwanan nan. Tsohon mai ya daskare, sarƙar nan kuma tana tsinkewa. Wasu ma hagu ake juya makullinsu. In mai buga ƙararrawa ne, kada ka mai da hannuwansa baya. Tsohon inji da ke ɓatar da mintoci da dama a rana halinsa ke nan.

Wace kasuwa aka yi wa shi?

Masu ƙira na Landan da Suwizalan sun san ɗanɗanon kowace kasuwa. Na ƙasar Sin manya ne, da lu'ulu'u a gefe, da dogon hannun daƙiƙa a tsakiya, injin kuma an yi masa sassaƙa don a kalla. Ilbery na Landan da gidan Bovet da aka kafa a 1822 su ne sanannu. Bibbiyu ake sayar da su, zanen ɗaya yana fuskantar na ɗayan, don haka biyu da suka tsira tare sun fi tsadar guda biyu a rarrabe.

Na daular Usmaniyya ta Turkiyya ana gane su da lambobin Turkawa a fuska, da sunaye irin su Markwick Markham da George Prior da Edward Prior. Zanensu ya fi karkata ga furanni, da kayan kiɗa, da jiragen ruwa a gaɓar Istanbul, abin da zai dace da wanda ba ya son hoton mutum a aljihunsa. Masu su a can da faɗuwar rana suke saita ƙarfe 12. Da yawansu gida uku gare su, na waje an lulluɓe shi da ƙoƙon kunkurun teku. Ka kula da wannan, don yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji ta takaita ƙetare iyaka da shi, sai da takarda.

Ciniki

Mai sayen zinariya zai ɗora agogo a sikeli ya faɗi giram. Wannan nauyi ya haɗa da inji da gilashi da fuska da inamel da sifirin ƙarfe na murfi, zinariyar ba ta kai haka ba. Darajar kuma a jikin aikin take, wanda ya narkar da murfi mai zanen Jeniba ya yi asara babba. Ka duba abin da aka sayar da makamancinsa a gwanjo, farashin da aka tsaya a kai, ba wanda dillali ya nema ba.

In ta intanet ne, kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi hoton murfi da haske a kwance, da na hatimai, da na inji, da na bakin murfi kusa da mahaɗi. Tambayi mai sayarwa kai tsaye ko akwai faci, ya ba ka amsa a rubuce, kuma a rubuta a rasit abin da ya ce game da shekara da ƙarfe da sharaɗin mayarwa.

In ya zo gida

Ƙyalle mai laushi, busasshe, ya isa gogewa. Ban da man goge ƙarfe, ban da man goge baki, ban da injin wanke kayan zinariya mai girgiza ruwa, wanda ke iya buɗe tsagar da ta kwanta. Kada ruwa ya taɓa shi, yakan bi ta tsaga ya shiga ƙarƙashin gilashi. Kada ka ɗiga wa inji man keken ɗinki. In zobe ko mahaɗi ya karye, kada ka kai wa mai walda da wuta, za a yi gyaran gangar Auzinawa: a gyara zobe a fasa zane. Nemi wanda ya saba da tsoffin agogo, ka tambaye shi yadda zai kare inamel kafin ka bar masa.

Ajiye shi shi kaɗai a cikin 'yar jaka mai laushi, a akwati mai rufuwa, nesa da makullai da silalla da lasifika. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ka rage buɗe murfin inji. Da damina sa 'yar ƙunshin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa canza ta, amma in agogon yana da lu'ulu'u ko ƙoƙon kunkuru kada ka cika ta, bushewa da yawa tana tsaga su. Kada ka bar shi a motar da ke fake a rana, kada kuma ka fito da shi daga ɗaki mai sanyin na'ura kai tsaye zuwa zafin rana. Ka ɗauki hotonsa ciki da waje da lambobinsa tun ranar farko, ka ajiye tare da rasit a wani wuri daban da inda agogon yake.